Kun Tambaya, Mun Amsa: Ƙaramar Gasar Arewacin Ingila da Vardy Ya Fito Daga Cikinta

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun wannan wata yawancinsu a kan abu ɗaya suka tsaya: ƙwallon da ake bugawa a Ingila can ƙasa da Firimiya, wadda gidajen kallo ba sa haskawa. Gasannin suna da yawa, shi ya sa muka zaɓi guda muka zauna a kanta, wato Northern Premier League, gasar ƙananan garuruwan arewacin Ingila da wani yanki na tsakiyarta. 'Yan wasanta ana biyan su, amma kusan kowa yana da sana'ar da yake ci da ita. Don sauƙi za mu riƙa kiranta gasar Arewa.

Daga wani mai gidan kallo a Funtuwa: Ana ta musu a wurina cewa Jamie Vardy daga rukuni na takwas ya taso. Wai rukuni nawa ne a Ingila, kuma gaskiya ne?

Malam, wanda ya ce na takwas ya fi gaskiya. Rukunai huɗu na sama su ne Firimiya, Championship, League One da League Two, ƙungiyoyi 92 ke nan, kuma dukansu ƙwallo ce aikin 'yan wasansu. Na biyar shi ne National League, wanda ya haɗa ƙasar baki ɗaya. Daga na shida ake fara raba ƙungiyoyi bisa yanki, Arewa da Kudu, saboda kuɗin tafiya. A na bakwai akwai gasa huɗu, a na takwas akwai takwas. Gasar Arewa tana riƙe da ɗaya a na bakwai, wanda shi ne babban rukuninta mai ƙungiyoyi 22, da uku a na takwas: Gabas, Yamma da Tsakiya.

Sheffield Wednesday ta sallami Vardy yana ɗan shekara 16. Ya koma Stocksbridge Park Steels, ƙungiyar wani garin masana'antar ƙarfe kusa da Sheffield, inda ake ba shi fam 30 a mako, da rana kuma yana aiki a kamfanin da ke ƙera abin ɗaure ƙafar masu rauni. Lokacin Stocksbridge tana rukuni na takwas, ta hau na bakwai a 2009. A 2010 ya tafi FC Halifax Town, suka ɗauki kofin gasar Arewa a kakar 2010-11. Daga nan sai Fleetwood Town, sai Leicester City ta saye shi fam miliyan ɗaya a 2012, kuɗin da ba a taɓa biya wa ɗan wasan da ke wajen rukunai huɗun nan ba kafin lokacin. Bayan shekara huɗu ya ɗaga kofin Firimiya, kuma a bazarar nan ta 2016 Ahmed Musa ya je ya same shi a can. A filin Stocksbridge yau akwai rumfar 'yan kallo da aka sa wa sunansa.

Daga wani malamin makaranta a Zariya: Me ya sa sai a 1968 aka kafa wannan gasa, alhali an fara lig a Ingila tun 1888?

Malam, ba ƙungiyoyi aka rasa ba, haɗin kai aka rasa. A Kudu tun 1894 akwai Southern League, gasa ɗaya mai ƙarfi da ta haɗa manyan ƙungiyoyin da ke biyan 'yan wasa amma ba su samu shiga babban lig ba, wato rukunan sama na ƙwararru. Arewa kuwa a warwatse take. Akwai Cheshire County League, akwai Lancashire Combination, akwai Midland League, akwai North Regional League, kowacce da ƙungiyoyi uku ko huɗu masu ƙarfi, sauran kuma ba su kai ba. Ƙungiya mai ƙarfi sai ta shekara tana lallasa maƙwabtanta ba tare da ta san matsayinta ba, 'yan kallo suna raguwa, idan kuma ta je neman shiga babban lig sai a tambaye ta: wa kika doke?

Akwai kuma wata tsohuwar gasa mai kama da ita a suna, Northern League, wadda aka kafa a 1889 a arewa maso gabas. Ita ta 'yan sa-kai ce, waɗanda a ƙa'ida ba a biyan su ko sisi, ko da yake kowa ya san ana cusa wa wasu kuɗi a cikin takalmi bayan an tashi wasa. Hukumar ƙwallon Ingila, FA, ta soke bambanci tsakanin ɗan sa-kai da mai karɓar albashi a 1974, amma ita wannan gasa ta ƙi shiga tsarin hawa da sauka sai a 1991, kuma kafin nan manyan ƙungiyoyinta da dama sun gudu sun bar ta. Kada a haɗa su.

Ƙungiyoyi 20 ne suka fara gasar Arewa a kakar 1968-69. Cikinsu akwai Wigan Athletic, Macclesfield Town, Altrincham, Boston United, Scarborough, Morecambe, Gateshead, South Shields, da Bangor City ta ƙasar Wales. Peter Swales, shugaban Altrincham wanda daga baya ya shugabanci Manchester City, yana cikin waɗanda suka tsaya tsayin daka har aka kafa ta. Macclesfield ce ta ci kaka biyun farko.

Wanda ke son ya san ƙarfin gasar a shekarunta na farko ya duba kofin FA Trophy, wanda aka ƙirƙira a 1969 don irin waɗannan ƙungiyoyi, ana buga wasan ƙarshe a Wembley. A cikin goma na farko, daga 1970 zuwa 1979, ƙungiyoyin gasar Arewa sun ɗauki tara. Scarborough sau uku, Stafford Rangers sau biyu, sai Macclesfield, Morecambe, Matlock Town da Altrincham. Telford United ce kaɗai ta samo wa Kudu guda a 1971.

Daga wani ɗalibi a Damagaram: Idan sun yi ƙarfi haka, me ya hana su hawa zuwa babban lig?

Ɗan'uwa, a wancan zamani ba a hawa da maki, da ƙuri'a ake hawa. Ƙungiyoyi huɗun da suka ƙare a ƙasan rukuni na huɗu ba sa faɗuwa kai tsaye. Za su je babban taron shekara su roƙi a sake zaɓen su, masu neman shiga daga waje su ma su gabatar da kansu, sai shugabannin ƙungiyoyin lig su kaɗa ƙuri'a. Shugaban da ya san wata rana shi ma zai iya tsintar kansa a ƙasan tebur ba zai kori abokinsa ba. Hartlepool sau 14 tana neman a sake zaɓen ta, kuma ba a taɓa korar ta ba.

Daga 1968 zuwa 1979 ƙungiyoyi huɗu kacal suka samu shiga: Cambridge United a 1970, Hereford United a 1972, Wimbledon a 1977, Wigan a 1978. Ukun farko daga Southern League suke. Waɗanda aka kora don a ba su wuri kuwa, Bradford Park Avenue, Barrow, Workington da Southport, duka na Arewa ne, kuma duka a gasar Arewa suka sauka. Wato gasar da aka kafa don ta tura ƙungiyoyi sama, a shekaru goman farko ta tura ɗaya ta karɓi huɗu.

Ita ma Wigan da ƙyar ta sha. Ta nema sau 34 ana hana ta. A 1978 ma ba ita ta zo ta ɗaya ba, Boston United ce, sai dai filin Boston bai cika ƙa'ida ba, aka gabatar da ta biyu. Ƙuri'ar farko Wigan da Southport suka yi kunnen doki, 26 da 26. Aka sake, Wigan ta samu 29, Southport 20. Wannan ƙungiya ce ta kai Firimiya a 2005, Julius Aghahowa da Victor Moses suka buga mata, ta kuma doke Manchester City da ci ɗaya mai ban haushi a wasan ƙarshe na kofin FA a 2013.

Wani abin da ke cutar masu neman shiga shi ne yawansu. Ƙungiyoyi da dama za su nema a shekara ɗaya, ƙuri'un masu goyon bayansu su rarrabu. Maganin da aka samo shi ne a kafa gasa ɗaya ta ƙasa baki ɗaya wadda za ta riƙa gabatar da ɗan takara guda. A 1979 aka kafa Alliance Premier League, wadda ita ce National League ta yau, da ƙungiyoyi 13 daga Kudu da bakwai daga gasar Arewa: Altrincham, Bangor City, Barrow, Boston United, Northwich Victoria, Scarborough da Stafford Rangers. A dare ɗaya gasar Arewa ta rasa manyanta, ta kuma sauka daga mataki na biyar zuwa na shida. Altrincham ta ci sabuwar gasar a 1980, ta je taron ƙuri'a, Rochdale ta kayar da ita da ƙuri'a ɗaya tal, 26 da 25. Har yau Altrincham ba ta taɓa shiga babban lig ba, kuma a ganinmu wannan ita ce cuta mafi girma da tsarin ƙuri'a ya yi. Sai a 1987 aka soke shi. Scarborough ta hau da makinta, Lincoln City ta sauko.

A 2004 aka sake saka wani rukuni a tsakani, wanda yau ake kira National League North, gasar Arewa ta ƙara sauka zuwa na bakwai, inda take har yanzu. Ta ɓangaren ƙasa kuma ta yi ta faɗaɗa: rukuni na biyu a 1987, aka raba shi gida biyu a 2007, gida uku a 2021. Ta yi asarar ƙungiyoyin Wales irin su Bangor City da Rhyl bayan da ƙasar ta kafa nata lig a 1992.

Daga wani tsohon ɗan wasa a Gusau: Na ji an ce akwai ƙungiyar da ta ci kofi amma aka hana ta hawa. Ta yaya?

Ba ɗaya ba ce, Malam. Bayan ƙuri'a ta kau, fili ne ya zama mai gadin ƙofa. Kowane mataki yana da ƙa'idar filinsa, kuma masu dubawa suna zuwa da ma'auni a hannu. A ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita, filin rukuni na takwas dole ya ɗauki mutum 1,300, da rumfar mutum 300, 150 daga ciki kujeru. Na bakwai mutum 1,950, rumfar 500, kujeru 250. Na shida mutum 3,000. Ban da wannan akwai katangar da ta kewaye filin yadda ba mai kallo daga waje, ƙofofin shiga masu ƙidaya mutane, daɓen da 'yan kallo za su tsaya, fitilun dare, ɗakin sauya kaya na baƙi da na alƙalan wasa daban, da takardar da ke nuna filin naku ne ko kuna da haya tabbatacciya. Ranar 31 ga Maris ita ce wa'adin da aka saba sakawa. Wanda bai kammala ba, ko a hana shi hawa, ko a mayar da shi inda ya fito.

Marine ta unguwar Crosby da ke gefen Liverpool ta ci gasar a 1994 da 1995 a jere, ba ta hau ba, domin filinta gefe uku kawai 'yan kallo ke iya tsayawa, na huɗun bayan gidajen mutane ne. Bamber Bridge ta ci a 1996, ita ma fili ya hana ta.

Labarin da ya fi zafi shi ne na Colne Dynamoes. Wani attajiri, Graham White, ya kafa ta a 1963 ta abokan makaranta, ya yi ta zuba mata kuɗi tana hawa rukuni bayan rukuni. Ta ci FA Vase, kofin ƙananan ƙungiyoyi, a Wembley a 1988. Ta ɗauko 'yan wasa na cikakken lokaci a gasar da kowa ke aikin rana, har da Alan Kennedy wanda ya ci wa Liverpool ƙwallon da ta ɗauki kofin Turai a 1981. A kakar 1989-90 ta ci gasar Arewa da tazarar maki 26. Amma filinta, Holt House, yana nan yadda yake. An nemi a yi haɗaka da Burnley a filinta, bai yiwu ba. Aka hana Colne hawa, Gateshead da ta zo ta biyu ta hau. Kafin a fara sabuwar kaka mai ƙungiyar ya rufe ta, 'yan wasa suka watse. Kuɗin da ya tafi albashi da an raba shi biyu an sa rabi a rumfa da katanga, da labarin ya sha bamban. Ƙa'idar fili tana da tsauri, wani lokaci har da rashin tausayi, amma ba a ɓoye take ba. Kowa yana da kwafinta tun farkon kaka.

Har ciyawa tana shiga lissafi. A ƙananan gasanni an yarda da ciyawar roba, kuma tana kawo kuɗi, don ana hayar da filin kullum ga makarantu da ƙungiyoyin unguwa. Babban lig kuwa bai yarda da ita ba. Harrogate Town, tsohuwar 'yar gasar Arewa, da ta kai League Two a 2020 sai da ta ɗaye tata ta shuka ta gaske.

Akwai kuma lokacin da aka hana hawa ba don fili ba. A Maris na 2020, saboda annobar korona, FA ta soke kakar baki ɗaya a wannan mataki kamar ba a buga ba. South Shields tana kan gaba da tazarar maki 12. Ta ɗaukaka ƙara, ba ta yi nasara ba, sai a 2023 ta hau.

Daga wata 'yar jarida mai koyon aiki a Kaduna: Yaya makon ɗan wasa yake, kuma wace doka ce ke ɗaure shi da ƙungiya?

Malama, kaka tana farawa a Agusta ta ƙare ƙarshen Afrilu. A babban rukuni wasa 42 ne, gida da waje, ban da na kofuna. Ana buga Asabar ƙarfe uku na rana, da Talata ƙarfe takwas saura kwata na dare. Atisaye yawanci sau biyu ne a mako, Talata da Alhamis da yamma, idan akwai wasa Talata ya zama sau ɗaya. Mai gyaran famfo, malamin makaranta, direba ko magini zai tashi aiki, ya hau motar ƙungiya tafiyar awa uku, ya buga, ya dawo gida bayan tsakar dare, da safe ya koma aiki. Saboda haka ne duk shekara FA take sake duba taswira, ta ɗauke ƙungiyar da ke bakin iyaka daga wannan gasa zuwa waccan don rage nisa. Hakan kan jawo rigima, domin ƙungiya takan rasa wasanta da maƙwabciya, wanda shi ne ya fi kawo 'yan kallo.

'Yan wasa iri biyu ne. Akwai mai kwantiragi, wanda ake biya kowane mako har ƙarshen yarjejeniya ko da ya ji rauni, kuma ba a ɗaukar sa sai an saye shi. Akwai marar kwantiragi, wanda rajista kawai yake da ita. Shi ana iya sallamar sa ko yaushe, shi ma yana iya tafiya. Ƙungiyar da ke son sa dole ta rubuta wa sakataren ƙungiyarsa sanarwar kwana bakwai kafin ta yi magana da shi. Ƙungiya mai hankali takan ba matashin da ta ga zai yi nisa kwantiragi, ta kuma saka sharaɗin kaso idan aka sake sayar da shi gaba. Wadda ta yi sakaci takan rasa shi kyauta. Ana rufe rajista a ƙarshen Maris, don kada mai kuɗi ya sayo 'yan wasa a makonnin ƙarshe.

Wanda ya zo na ɗaya ya hau kai tsaye. Na biyu zuwa na biyar su buga wasan cike gurbi, karo ɗaya babu ramuwa, a gidan wanda ya fi maki. Huɗun ƙarshe su sauka. Kuskuren da ya fi ci wa ƙungiyoyi maki ba a fili ake yin sa ba, a teburin sakatare ne: a saka ɗan wasan da rajistarsa ba ta kammala ba, ko wanda ke da dakatarwar da ya kwaso daga wata ƙungiya. Hukuncin shi ne a ƙwace maki, a kofi kuma a kore ku. Sakataren kuwa galibi ɗan sa-kai ne, dattijo mai ritaya da ke yin aikin a ɗakinsa.

Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari, Kano: Ina suke samun kuɗi, tunda ba a nuna su a talabijin?

Alhaji, daga ƙofa ake farawa. 'Yan kallo a wannan mataki ɗaruruwa ne a yawancin filaye, ƙalilan ne ke wuce dubu. Sai ɗakin taron ƙungiya da ake sayar da abinci da abin sha a kuma bayar haya don biki, allunan talla na 'yan kasuwar gari, ɗan littafin wasa da ake sayarwa a ƙofa, da hayar fili. Ita kanta gasar tana sayar da sunanta: an kira ta UniBond daga 1994 zuwa 2010, sannan Evo-Stik har 2019. Abin da ke fita kuwa: albashi, motar tafiya, wutar fitilu, gyaran ciyawa, da kuɗin alƙalan wasa, wanda mai masaukin baƙi ke biya. Lokacin sanyi shi ne lokacin wahala. Idan ruwa ko ƙanƙara suka sa alƙali ya duba fili ya ɗage wasa sau uku a jere, wata guda ya wuce babu kuɗin ƙofa, masu kwantiragi kuma suna jiran nasu.

Kofin FA shi ne damina. Ƙungiyar rukuni na bakwai tana bukatar cin wasa huɗu na share fage kafin ta kai zagayen farko na ainihi, ta takwas fiye da haka, kuma kowane zagaye da ladansa. A Janairun 2021 Marine, tana rukuni na takwas, ta kai zagaye na uku aka haɗa ta da Tottenham ta José Mourinho, a gidan Marine. Korona ta hana 'yan kallo shiga, wato ranar da ya kamata su samu kuɗin shekaru ta zo ƙofa a rufe. Sai suka sa tikitin goyon baya a intanet, fam 10 kowane, aka sayi fiye da 30,000, da yawa magoya bayan Tottenham ne. An ci su biyar da nema. Wanda ya kalli wasan ya ga maƙwabta a bayan gidajensu suna leƙe ta shinge, ya kuma ga lambobi a jikin ragar shingen. Lambobin gidajen ne, don idan ƙwallo ta faɗa a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Wannan ƙungiyar ce Roly Howard ya horar daga 1972 zuwa 2005, wasa 1,975.

Abin da ke kashe ƙungiya kusan kullum iri ɗaya ne: a yi kasafi bisa aljihun mutum ɗaya, ko bisa fatan za a hau, sai bashin haraji ya taru. Wadda ta shiga hannun masu kula da bashi ana cire mata maki 10. Wadda kotu ta rushe sai magoya baya su kafa sabuwa da ɗan canjin suna, FA ta jefa ta rukunai da dama ƙasa. Haka Halifax ta dawo a 2008, Chester a 2010, kuma dukansu ta gasar Arewa suka bi suka sake hawa. Macclesfield Town, zakarar farko, an rushe ta a 2020. Wadda aka kafa a madadinta, a fili ɗaya, ta ci gasar Arewa a 2025.

Daga wani mai goyon bayan Manchester United a Kumasi: Gaskiya ne 'yan United sun taɓa ɓallewa sun kafa tasu?

Gaskiya ne. Da iyalan Glazer suka sayi ƙungiyar a 2005, wasu magoya baya suka kafa FC United of Manchester. Kowane mamba ƙuri'a ɗaya, komai yawan abin da ya bayar, kuma ba sa saka tallar kamfani a rigarsu. Sun fara daga rukuni na goma, suka hau sau uku a jere, sannan suka maƙale a babban rukunin gasar Arewa, inda suka sha kashi a wasan ƙarshe na cike gurbi a 2011, 2012 da 2013. Sun ci gasar a 2015, shekarar da suka buɗe filinsu, Broadhurst Park. Sun sake saukowa a 2019. A gefensu kuma Ryan Giggs, Paul Scholes, Nicky Butt da Gary da Phil Neville sun sayi Salford City a 2014 tana rukuni na takwas, ta kai League Two a 2019. Kuɗi ya fi sauri, babu musu. Amma idan aka tambaye mu wadda za ta rayu ko da wani mutum ɗaya ya janye hannunsa, FC United za mu nuna.

Daga wani mahaifi a Maraɗi: Wani dillali ya ce zai kai ɗana mai shekara 17 gwaji a irin wannan ƙungiya a Ingila, in biya kuɗin biza da jirgi. In yarda?

Baba, kada ka ba shi ko dala. Dalilai uku ne, kuma kowane ɗaya ya isa.

Dokar FIFA ta hana a ɗauki yaron da bai kai 18 ba daga wata ƙasa zuwa wata, sai a 'yan yanayi kaɗan, kamar iyayensa su yi ƙaura saboda dalilin da ba na ƙwallo ba. Ɗanka ba ya cikinsu. Na biyu, ɗan Nijar ko Najeriya ba ya buga ƙwallon kuɗi a Ingila sai da bizar ɗan wasa, ita kuma ba ta fitowa sai FA ta ba da takardar amincewa, bisa wasannin da ya buga wa ƙasarsa da darajar gasar da ya fito. Ƙungiyoyin rukuni na bakwai da na takwas ba sa cikin waɗanda ke iya neman wannan takarda. Bizar ziyara ko ta karatu ba ta ba shi damar karɓar kuɗin ƙwallo, wanda aka kama kuma ya ɓata wa kansa hanyar shiga ƙasar nan gaba. Na uku, ko da an ɗauke shi, abin da ake biya a wannan mataki ba ya biyan hayar ɗaki. Su Vardy a garinsu suke, da aikinsu, da danginsu.

Idan wani ya zo da irin wannan magana, a nemi lasisinsa na FIFA, a duba sunansa a jerin wakilan da FIFA ke wallafawa. A nemi takardar gayyata, sannan a tuntuɓi ƙungiyar ta adireshin da ke shafinta, ba ta lambar da dillalin ya bayar ba. Ƙungiyar da ke son ɗan wasa da gaske ita ke biyan jirgi da masauki. A kai maganar hukumar ƙwallon ƙasa, FENIFOOT a Nijar ko NFF a Najeriya, domin babu sauyin sheƙa zuwa waje da ke halatta sai da takardar sallama daga gare su. Kafin nan a tabbatar yaron yana da rajista da ƙungiyar da hukuma ta sani, sunansa da ranar haihuwarsa daidai suke a kowace takarda, kuma ana ɗaukar cikakken bidiyon wasanninsa, ba guntayen da aka tsinto ba.